Ƙara wa tsohuwar motar gas ƙarfi: abin da ƙungiyarku za ta duba kafin a taɓa famfo

Kaka ta kama, buhuna sun fara taruwa a bakin gona da rumbunan ƙungiyoyi, kuma maganar da ake ta yi a tasha da garejin kanikawa ita ce ta “buɗe famfo”. Direba ya ce mota ba ta ja, da ta ga hawa sai ta mutu. Bakanike ya ce a ba shi rabin awa ya juya kusa guda a jikin famfon injekta, mota za ta tashi kamar sabuwa. Wani kuma ya ce a sayo turbo ɗan Kwatano a ɗaura mata. Idan ƙungiyarku tana da babbar mota, ko kuna shirin haɗa kuɗi ku saya, ko ma haya kawai kuke ɗauka zuwa Dawanau, wannan magana ta shafe ku, domin a ƙarshe daga kuɗin masararku da waken suyarku za a biya.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko kuɗin man gas. Tallafin da Shugaba Tinubu ya cire ranar 29 ga Mayu, 2023 na fetur ne, shi gas an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. Amma a farkon 2022 lita ba ta wuce Naira 300 ba, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren ta kai wajen Naira 800 kafin shekarar ta ƙare, zuwa ƙarshen 2023 kuma ta haura Naira 1,000. Matatar Dangote da ke Legas ta fara sayar da gas a 2024, farashi ya ɗan sassauta a wajen manyan dillalai, amma bai koma inda yake a da ba.

Na biyu darajar Naira. A watan Yuni na 2023 aka bar kasuwa ta yanke farashin Dala, wadda a hukumance take kusan Naira 460, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta wuce Naira 1,500. Sabuwar mota daga waje take zuwa, fistan da zobe da nozul da taya duk da Dala ake shigo da su. Ka ga ke nan ƙungiyar da take mafarkin sauya mota dole ta haƙura da tsohuwar da take hannu.

To, mai ya yi tsada, sabuwar mota ta gagara, sai dabara ɗaya ta rage wa mai mota: a ƙara lodi a kowace tafiya. Da aka ƙara lodi sai mota ta kasa, da ta kasa sai aka ce inji ne ba shi da ƙarfi. Daga nan hanyar gareji ta buɗe.

Motar da kuke da ita, don me aka ƙera ta?

Mu ɗauki Marsandi 911, wadda har yau ita ce jakar ƙauyukanmu, wadda kamfanin ANAMMCO na Enugu ya riƙa haɗa ire-irenta tun farkon shekarun 1980. Lambar da ke jikinta ba ado ba ce. Lamba 9 tana nufin tan 9, wato nauyin motar gaba ɗaya, ita da bodinta da kayan da ta ɗauka. Lamba 11 kuma ƙarfin doki 110 ne. Haka 1113 take nufin tan 11 da doki 130. Idan ka cire nauyin motar kanta, abin da ya rage wa kaya a 911 bai wuce tan 5 zuwa 6 ba, buhu 50 zuwa 60 ke nan masu kilo 100. Yanzu ka tuna buhu nawa ka ga an ɗora wa irinta ranar kasuwar da ta wuce.

Injin da ke cikin yawancinsu shi ne OM 352, mai silinda 6, lita 5.7, wanda ya fito tun 1964. Wanda ba shi da turbo ƙarfinsa yana tsayawa a wajen doki 130. Akwai ɗan’uwansa mai turbo, OM 352 A, da yake kai wa kusan doki 168. Inji ne mai haƙuri, shi ya sa ya kai yau. Amma haƙurinsa ya samu ne saboda kamfani bai matse shi ba, ya bar masa sarari. Duk dokin da za a ƙara masa, daga cikin wannan sararin za a yanko.

Abin da zan faɗa a ƙasa ya shafi Kanta da DAF da MAN da tsofaffin Fiat da Steyr, matuƙar dai famfonsu na ƙarfe ne ba na kwamfuta ba.

Me ke faruwa idan aka buɗe famfo?

Injin gas da abu biyu yake rayuwa, mai da iska. Kowane kilo ɗaya na gas yana buƙatar aƙalla kilo 14 da rabi na iska kafin ya ƙone duka, kuma a aikace sai iskar ta fi haka nesa kafin hayaƙi ya washe. Kusar da bakanike yake juyawa ita ce take iyakance yawan man da famfo zai tura idan an take totur har ƙasa. Idan ya sassauta ta, mai ya ƙaru, amma iskar da injin yake shaƙa tana nan yadda take.

Da farko direba zai ji daɗi, don lallai motar za ta ɗan ƙara ja. Amma wani kaso na man da aka ƙara ba ya ƙonewa, shi ne baƙin hayaƙin nan da yake turnuƙe na baya. Wannan hayaƙi kuɗin ƙungiya ne yake fita ta salansa. Wanda ya ƙone kuma yana ƙara zafi a cikin silinda. A ƙiyasi, kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙarfin man da inji ya sha yake zama aiki, kashi ɗaya ya bi salansa, ɗayan kuma ya faɗa wa lagireto. Ka ƙara mai, ka ƙara wa lagireto mai shekara 30 aikin da ba a auna shi da shi ba.

Fistan da gorar ruwa ake yin sa, ita kuwa tana narkewa a wajen digiri 660. Abin da yake tsare shi shi ne sabuwar iska da baƙin mai da suke sanyaya shi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za a ga komai ba. Sai an kama dogon hawa da cikakken lodi, totur a ƙasa minti 10 ko 15, sannan bakin fistan ya fara cinyewa, ko bawul ya ƙone, ko gaskit ya fashe, ko kan inji ya tsage. Baƙin toka kuma yana gangarawa cikin baƙin mai, ya yi kauri, ya riƙa cin zobe da metal a hankali.

Akwai wasu dabaru biyu da suke tafiya tare da wannan. Wasu kanikawa suna gaggauta lokacin fesa mai, wato su matsar da saitin famfo gaba. Inji zai yi kuzari, amma za ka ji yana ƙwanƙwasa, kuma duk wannan bugun a kan gaskit da metal yake sauka. Wasu kuma suna ɗaure gwamna don inji ya wuce gudun da aka yanka masa, alhali OM 352 a juyi 2,800 a minti yake ba da cikakken ƙarfinsa. Wuce nan ba ya ƙara ja a hawa, sai dai ya kusantar da ranar da sanda za ta fasa bulo ta fito.

Ku fara nemo dokin da ya ɓata

Ga gaskiyar da ba a cika faɗa a gareji ba: yawancin tsofaffin motocinmu ba sa ba da ƙarfin da kamfani ya sa musu. Kafin a yi maganar ƙari, a dawo da na asali tukuna. Wannan ya fi araha, ba ya cutar da inji, kuma yana rage shan mai maimakon ya ƙara.

Ku fara da iska. Da hunturu ya shigo, ƙura tana toshe filtar iska cikin ’yan kwanaki a hanyar burji. Mai filtar takarda ya canza ta a kan lokaci, kada a riƙa buga ta da dutse ko a huda ta da iska mai ƙarfi. Mai tsohuwar filta ta mai a kwano ya wanke ta ya zuba sabon mai daidai layi. Kada kuma a yarda yaron mota ya cire filta wai don inji ya numfasa, ƙurar da za ta shiga kamar yashi take a jikin silinda.

Sai nozul. Nozul mai lafiya feshi yake yi kamar hazo, wanda ya gaji kuwa ɗiga yake yi. A cire duka a kai wa masu injin gwaji, a ga matsin da kowanne yake buɗewa da yadda yake fesawa. Famfon ma a kai shi benci a daidaita shi bisa lambar da ke jikinsa, yadda kowace silinda za ta samu mai daidai da ’yar’uwarta. Saiti da kunne a gindin bishiya ba saiti ba ne.

A gyara tazarar bawul bisa littafin injin. A canza filtar mai, a sa mai raba ruwa da gas idan babu. A duba ko totur yana kai hannun famfo har ƙarshe, don sau da yawa waya ce ko sanda ta saki, direba yana takawa har ƙasa amma famfo bai buɗe duka ba. A duba salansa ko ta lotse. A ɗaga kowace taya a juya ta da hannu, birkin da yake kamawa yana cin ƙarfi yana cin mai. A auna iskar taya da ma’auni, ba da bugun ƙarfe ba.

Man da kuke sha ma yana da nasa. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ƙarfinsa bai kai na tsantsa ba, kuma ba shi da santsin da yake kare cikin famfo, don shi famfo da man da yake turawa yake samun maiƙo. Wanda ruwa ya shiga kuma yana sa nozul tsatsa. Idan dole ta sa kun saya a jarka a bakin hanya, a bar shi ya kwana a duro ya kwanta, a ɗebo daga sama, a tace.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana yin sirara. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, don haka motar da ta hau can ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma tun kafin a ɗora mata dankali. Haka iskar da ta kai digiri 40 a watan Afrilu ta fi ta digiri 20 sirara da kusan kashi 6 cikin 100. Motar da ta yi sanyi da azahar a bazara ba lalacewa ta yi ba. A sauko da giya, ko a tashi da asuba.

To turbo fa?

Turbo ya fi buɗe famfo hankali, domin shi iska yake ƙarawa, kuma da hayaƙin da za a zubar yake juyawa. Idan iska ta ƙaru, ana iya ƙara mai ya ƙone tas. Abin da kamfani ya yi ke nan ya tashi daga doki 130 zuwa 168.

Sai dai fa kamfani bai tsaya ga ɗaura turbo kawai ba. A cikin OM 352 A akwai ƙananan bututu da suke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi, fistan ɗin kansa daban ne, saitin famfo ma daban. Wanda ya ɗauki turbo ya liƙa wa injin da ba shi da waɗannan, sannan ya buɗe famfo yadda ya ga dama, ya sayi ƙarfi na wata shida ne da ran injinsa.

Idan ƙungiya ta ga lallai tana buƙatar ƙarin ƙarfi, hanya mafi aminci ita ce a sayi cikakken inji wanda da turbonsa ya fito daga kamfani, OM 352 A ko magajinsa OM 366 A, a gwada shi a gabanku kafin a biya. Idan kuwa tsohon za a ɗaura wa, to akwai sharuɗɗa. A fara gwada matsin kowace silinda da ƙarfin baƙin mai. Idan bututun numfashin inji yana huci da hayaƙi, ko yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ba turbo yake buƙata ba, gyara yake buƙata. A tsaya a ƙaramin ƙari, kada a nemi kamo na kamfani. A sa agogon auna zafin hayaƙi a bakin inji kafin turbo, a kuma gaya wa direba cewa da allura ta doshi digiri 650 zuwa 700 a hawa, ya ɗaga ƙafa ya sauko da giya. A wanke lagireto ciki da waje, a duba fambel da famfon ruwa, a mayar da tamostat idan an cire shi kamar yadda aka saba yi a garejinmu.

Turbo yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, kuma a kan baƙin mai yake yawo. Dole a riƙa juye a kan kari, da mai na kirki. Bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi silo na minti 2 zuwa 3 kafin a kashe, in ba haka ba man da ke cikinsa zai ƙone ya daskare.

Wata hanyar da ake mantawa da ita ita ce ta giya. Idan matsalarku fita daga fadama ce ko hawan tudu da lodi, ba gudu a kwalta ba, ana iya canza haƙoran aksul na baya zuwa masu ja. Gudun motar zai ragu, amma za ta tashi da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba, kuma ba a taɓa inji ba sam.

Wasu suna tambaya game da iskar CNG da gwamnatin tarayya ta fara yayatawa a 2023. Motar fetur tana karɓarta cikin sauƙi don tana da fulogi. Injin gas ba shi da fulogi, matsi ne yake kunna mansa, saboda haka sai dai a haɗa masa iskar tare da ɗan gas, ko a sake fasalin injin gaba ɗaya. Gidajen sayar da ita kuma a manyan birane suke. Ga motar da take shiga ƙauye, lokaci bai yi ba tukuna.

Inji ya ƙaru, birki bai ƙaru ba

Wannan shi ne wurin da maganar ta wuce ta kuɗi. Dokin da aka ƙara ta cikin kuloci da giya da furofela da aksul zai bi, dukkansu kuma an auna su ne da tsohon ƙarfi. Sifirin da taya da shasi ba su san an sa turbo ba, nauyin da ke kansu kawai suka sani. Birki kuwa shi ne babba. Motar da a da take kasa hawa da buhu 100, kasawar nan gargaɗi ce. Yanzu za ta hau, amma duk abin da ya hau sai ya sauko. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da gangara take yi wa motar da lodi ya fi ƙarfin birkinta, kuma a kan buhunan nan sau da yawa akwai ’yan ƙungiya da ’yan dako a zaune.

Ku ja kunnen direbanku a kan sakin mota a furi a gangara wai don tsimin mai. Idan mota tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, gwamna da kansa yake yanke mai, ba abin da ake asara. A furi kuwa injin ya daina riƙe mota, kwamfuresa ta rage tara iska, duk nauyin ya koma kan birkin da yake ta ɗaukar zafi.

Ku yi lissafin da kanku

Ga misali, ku sa naku alƙaluman a wurin nawa. A ce zuwa da dawowa motarku tana shan lita 120, a ce lita Naira 1,000. An buɗe famfo, shan mai ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma, ƙarin Naira 12,000 ke nan a kowace tafiya. An ƙara buhu 10, kowanne kuɗin mota Naira 2,000, an samu Naira 20,000. Riba Naira 8,000. A tafiya 40 ta kaka guda, Naira 320,000.

A takarda ya yi kyau. Yanzu ku aika wani Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tambayo kuɗin fistan 6 da zobe da layina da metal da gaskit, ya haɗa da tayoyin baya guda biyu da kuɗin aiki. Sannan ku ƙara kwanakin da motar za ta yi a gareji a tsakiyar kaka kuna biyan hayar ta wani. Idan kuma tumatir ne aka ɗauko daga Kadawa za a kai Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, kwana biyu a bakin hanya ya isa ya mayar da kwandunan ruwa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da za ku yanke a taron ƙungiya

Kada a bar wannan hukunci a hannun direba da bakanike su kaɗai. Direba yana son mota mai gudu, bakanike yana samun aiki ko ta gyaru ko ta lalace, asarar kuwa taku ce. Ku rubuta a littafin ƙungiya cewa ba mai taɓa famfo sai da izinin shugabanni, bayan an dawo da shi daga benci kuma a sa masa alamar fenti ko waya a kan kusar. Ku yanke iyakar buhunan da motar za ta ɗauka, a rubuta a jikin bodi kowa ya gani. Ku ajiye littafi a cikin mota, a riƙa rubuta litar da aka sha da kilomita da yawan buhu a kowace tafiya, domin shan mai yakan fara hawa tun kafin inji ya nuna ciwo. Daga kuɗin kowace tafiya a ware wani abu na gyara, kada a raba duka.

Idan haya kuke ɗauka, ku tsaya a bayan motar a taka totur ku gani. Ɗan hayaƙi a farkon taku ba komai ba ne, amma wadda take ci gaba da turnuƙe baƙi, ku nemi wata, ko da ta fi ta tsada kaɗan.

A wannan makon, tun kafin jigila ta yi tsanani, ku sa a buɗe filtar iska a gabanku, a cire nozul a kai gwaji, a ɗaga tayoyi a duba birki. Bayan an gama, a ɗora mata lodin da aka ƙera ta dominsa a hau tudun da take kasawa. Idan ta hau, kun huta da maganar turbo. Idan ba ta hau ba, sai ku zauna da lissafi a hannu ku zaɓi tsakanin canza aksul, sayen inji mai turbo na kamfani, ko raba kayan gida biyu a yi sawu biyu.